Shanyewar ɓarin jiki mai tasowa daga zuciya: sanadi, magani da jinya

Mutum yana zaune lafiya lau, yana shan furarsa ko yana alwala, sai ludayi ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. A ƙauyukanmu akan ce iska ta buge shi ko an yi masa jifa, balle ma a ce a makewayi ya faɗi. A gidan likita sunan abin AVC, mu kuma mu ce shanyewar ɓarin jiki. Ciwon iri-iri ne, amma wannan bayani ya tsaya ne a kan iri guda da likitoci ke kira amboli: jini ya daskare ya yi guda a wani wuri, galibi cikin zuciya, gudan ya ɓalle, jini ya kwashe shi ya kai ƙwaƙwalwa, ya toshe hanya. A kai ciwon ke bayyana, amma tushensa yana ƙirji. Gidan da bai san haka ba sai ya duƙufa a kan jinyar hannu da ƙafa, ya bar zuciya tana ƙera wani gudan.

Yadda abin ke faruwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da rumbun ajiya. Manyan jijiyoyi huɗu ke kai mata jini, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya, sannan su rarrabu suna ƙanƙancewa.

Wanda ya taɓa ban ruwa a Jiratawa ko a gandarin Ƙonni ya san kwatancin. Dunƙulen ciyawa ya taso daga babbar hanyar ruwa, ya yi ta tafiya ba abin da ya tare shi, sai da ya iso ƴar ƙaramar hanya ya maƙale. Fangalin da ke gaba da wurin ya rasa ruwa. Na tsakiya ya bushe nan da nan, na gefe-gefe kuwa yana ɗan samun laima daga maƙwabta, zai iya jure wasu awoyi. Wannan na gefen shi likita ke tseren ceta. Wani lissafi da aka buga a Amurka a 2006 ya ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya fara bayyana tafiyar gudan jini haka a shekarun 1840, kuma shi ya raɗa masa suna.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki, na dama ya juya hagu. Wurin magana a yawancin mutane yana hagu, shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi rasa baki.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ɓarin jiki ke shanyewa: jijiya ta tsuke ta toshe a inda take, ko ta fashe jini ya zuba cikin kai. Babban binciken nan mai suna SIREN da aka yi a Ghana da Najeriya, aka buga a 2018, ya samu wajen kashi biyu cikin uku toshewa ce, kashi ɗaya fashewa, kuma hawan jini ne ke kan gaba a sanadi. Fashewar ta fi yawa a yankinmu fiye da Turai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa, don da ido ba mai iya bambance su.

Ita amboli halinta shi ne zuwa farat ɗaya, da cikakken ƙarfinta tun mintin farko. Wani lokaci gudan ya farfashe da kansa, mutum ya warware. Kuma ba kai kaɗai yake zuwa ba: yana iya toshe jijiyar ido, ta ƙoda, ta hanji, ko ta ƙafa, ƙafar ta yi sanyi ƙalau da azabar ciwo.

Inda gudan ke fitowa

Jini kamar madara yake, in ya kwanta wuri ɗaya sai ya kama. Duk ciwon da ya sa jini ya tsaya cikin zuciya yana iya haifar da guda.

Na farko shi ne rikicewar bugun zuciya da likitoci ke rubutawa FA ko ACFA a takarda. Zuciya ɗakuna huɗu ce. A wannan ciwo ɗakunan sama biyu ba sa matsewa yadda ya kamata, karkarwa kawai suke yi, sai jini ya kwanta a wani ɗan lungu na ɗakin hagu. Mai wannan ciwo haɗarin shanyewarsa ya ninka na sauran mutane kamar sau biyar. Tsufa da hawan jini su suka fi kawo shi, sai giya, da ciwon maƙoƙon da ke sa rama da zufa da rawar hannu. Wasu suna jin gabansu na faɗuwa ko zuciya na tsalle, da yawa kuma ba sa jin komi. Gwajin ba ya cin ko dala: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, a saurara minti ɗaya. In bugun ba shi da tsari, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake zabura, to a je a yi awon zuciya na takarda, wato ECG.

Na biyu ya fi ban tausayi, don tun ƙuruciya yake farawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Mu ce belu ne, a kira wanzami. Alhali wata ƙwayar cuta ce, wadda allurar penisilin guda ɗaya ko maganin sha na kwana 10 ke kashewa. In ba a kashe ta ba, bayan ƴan makonni wasu yaran sai gaɓoɓi su kumbura, ciwo na tashi daga gwiwa ya koma gwiwar hannu. Gaɓoɓin su warke, amma ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya ya yi tabo, ya riƙa tsukewa shekara da shekaru. Jini ya taru a bayansa. Wannan shi ne dalilin da ake ganin mace ƴar shekara 25 ko 30 ta shanye, mutane na mamaki, suna cewa ai ba tsohuwa ba ce. Yaron da aka gane ya yi wannan zazzaɓi ana yi masa allurar penisilin mai daɗewa duk mako uku ko huɗu, shekaru masu yawa, don kada ya sake tashi.

Na uku namu ne ƙwarai: raunin zuciya na masu jego. Yana kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa. Zuciya ta saki ta buɗe, ba ta tura jini da ƙarfi, guda ya samu wurin zama. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Likitocin da suka yi aiki a Yamai kuma suka samu ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin matan. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya bai tabbatar cewa al'adun jego su ne tushen ciwon ba, ya fi nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na masu ciki. Duk da haka kanwa ƴar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma ƙarin kaya ce a kan zuciyar da ta gaji. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, tana tari da dare, kada a ce jego ne kawai. A kai ta a yi mata eko na zuciya.

Sauran hanyoyin a taƙaice: bugun zuciya da ya kashe wani yanki na namanta, ƙwayar cuta da ta zauna a kan ƙyauren zuciya, ƙyauren ƙarfe da aka dasa wa mutum, da ɗan ramin da ke tsakanin ɗakunan sama wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da shi ba tare da ya dame shi ba. Akwai kuma gudan da ba daga zuciya ba, wanda ke ɓallewa daga dattin kitse a jijiyar wuya, musamman ga masu taba, ciwon suga da hawan jini.

Awoyin farko

Abu uku ake dubawa. A ce ya yi murmushi, a ga ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannu biyu, a ga ko ɗaya na sauka. A ce ya faɗi sunansa da na garinsu, a ji ko magana ta fita daidai. Ko guda ɗaya aka gani ya isa. Haka nan makancewar ido ɗaya nan take, ko jiri mai tsanani da tangaɗi.

Sai a riƙe lokaci. Ba agogo? A ce bayan azahar da kaɗan, ko ana kiran la'asar. In da ciwon ya farka daga barci, lokacin da za a faɗa wa likita shi ne na ƙarshen ganinsa lafiya. A kwantar da shi a gefe, a sassauta masa tufafi, a kwashi duk kwalayen maganin da yake sha, a nemi mota. A birni ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Kada a ba shi komi ta baki. Ruwa, kunu, zuma, jiƙo, rubutu, duk a dakata. Addu'a a yi ta a kan hanya, amma maƙogwaron da ya shanye ba ya rufe hanyar iska, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Kada a ba shi asfirin a gida, don in fashewa ce an ƙara masa zubar jini. Kada kuma a matsa wa majo ya sauko da tansiyo da ƙarfi. Jiki da kansa yake ɗaga shi a ranakun farko don ya tura jini ta ƙananan hanyoyi zuwa wancan fangalin na gefe. In toshewa ce, likitoci kan bar shi sai ya haura wajen 22/12 kafin su taɓa, sai fa in akwai wani dalili.

A CSI abin da za a yi da sauri shi ne awon suga, don faɗuwar suga na kwaikwayon shanyewa sak, kuma tana warkewa nan take. A duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, a rubuta takardar turawa gaba. Na'urar sikana tana manyan asibitoci ne, irin su asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram da babban asibitin Maraɗi, ba a CSI ba.

Wanda kuma ya shanye na minti goma ya warware, shi ma a kai shi ranar. Gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayansa su suka fi haɗari.

A asibiti

Sikana ce ke raba toshewa da fashewa. In an yi ta da wuri aka ce ba a ga komi ba, kada dangi su ce an yi asarar kuɗi. Jini da ya zuba yana fitowa nan da nan a hoto, tabon toshewa kuwa yakan ɗauki awoyi. "Ba a ga jini ba" ita ce amsar da likita ke jira.

Akwai allurar narkar da guda, alteplaz, wadda Amurka ta amince da ita a 1996. Ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon. Akwai kuma zaro gudan da siririn bututu da ake shigarwa ta jijiyar matsematsi har ƙwaƙwalwa, aikin da ya tabbata a 2015, cikin awa 6, wasu zaɓaɓɓu har awa 24. Maganar gaskiya, waɗannan biyun suna da tsada kuma ba kasafai ake samunsu a ƙasashenmu ba. Mutumin ƙauye da wuya ya riske su. To, amma wannan ba hujjar zama gida ba ce. Cikin abubuwan da ke kashe mutane a makonnin farko akwai ciwon huhu, ƙishirwa, zazzaɓi, gyambo da gudan jini a ƙafa, kuma duk ana iya tare su. In sikana ta nuna ba jini, ana fara asfirin cikin kwana biyun farko.

Kada a baro asibiti ba a duba zuciya ba: ECG da eko. Rikicewar bugu takan zo ta tafi, don haka awo ɗaya mai kyau bai wanke ta ba, ana iya maimaitawa.

Maganin hana daskarewar jini

In an tabbatar gudan daga zuciya yake, asfirin kaɗai ba ya isa. Ana ba da maganin da ke hana jini kamawa, irin Sintrom ko Coumadine. Ga masu rikicewar bugu yana rage haɗarin shanyewa da kusan kashi biyu cikin uku. Ba a fara shi ranar farko, likita kan jira daga ƴan kwanaki zuwa mako biyu gwargwadon girman tabon, don wurin da ya mutu yana iya zubar da jini.

Magani ne mai sharaɗi. Ana awon jini da ake kira INR, galibi ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, guda ya dawo. Ya yi sama, jini ya ɓalle. Ganyaye irin zogale, alayyafo, rama da kabeji suna rage ƙarfinsa. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida, kada wannan mako a cika kwano kullum, mako mai zuwa babu. Maganin tarin fuka na rifamfisin yana raunana shi sosai. Magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibuprofen, da ake saye a tire a kasuwa, suna jawo zubar jini a ciki. Ƙaho, tsaga, sakiya da cire haƙori ba tare da sanin likita ba, duk a bar su. Kashi baƙi kamar kwalta, fitsari ja, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, a tafi asibiti a ranar. Mace mai shan sa ta faɗa wa likita kafin ta ɗauki ciki, don yana cutar da ɗan tayi, akwai allurar da ake musanya shi da ita.

Akwai sababbi, Xarelto da Eliquis, da ba sa bukatar awon INR, amma sun fi tsada. Kuma ba kowa suka dace da shi ba. Wani bincike mai suna INVICTUS da aka buga a 2022, a kan mutane fiye da 4,500 a Afirka, Asiya da Kudancin Amurka masu tabon ƙyauren zuciya da rikicewar bugu, ya nuna tsohon maganin ya fi Xarelto kare rai. Masu ƙyauren ƙarfe ma tsohon ne nasu. Ɗan uwan da ke waje kada ya aiko da sabo don kawai ya fi tsada.

Jinya a gida

Nan aikin yake, kuma galibi a wuyan mata yake.

Haɗiya ce farko. Ma'aikacin lafiya ya gwada shi da ƙaramin cokali na ruwa, yana zaune. In ya yi tari, ko murya ta koma kamar mai kurkure, to bai shirya ba. In likita ya ce a sa bututu ta hanci, a yarda. Dangi da yawa suna ɗaukarsa alamar mutuwa, alhali shi ke hana abinci shiga huhu, kuma yawanci ana cire shi in haɗiya ta dawo. Idan ya fara ci, a zaunar da shi tsaye, kai ɗan sunkuye, kada a ba shi a kwance ko yana gyangyaɗi. Abu mai kauri da santsi ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya: kunu mai kauri, koko, tuwo mai laushi da miyar kuka. Dambu, gyaɗa da garin rogo suna warwatsewa a baki, a jinkirta su. Loma ƙarama, a jira ta wuce. Bayan ci a duba kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci na maƙalewa can, a wanke baki, a bar shi zaune rabin awa. A bazara a lura da fitsari, in ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, ruwa bai ishe shi ba. Gishiri da dunƙulen miya a rage, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini.

Sai juyi. Wanda ba ya iya motsi a juya shi duk awa biyu, dare da rana, a raba aikin tsakanin mutane. Tabarma a kan daɓe ba ta yi, a nemi katifa. In an shimfiɗa leda saboda fitsari, a ɗora zane a kanta, a canza da zarar ya jiƙe. Kullum a duba ƙugu, kwatangwalo, dunduniya da idon sawu. A baƙar fata ba a ganin ja, abin da za a nema shi ne wurin da ya ƙara duhu, yake sheƙi, ya yi zafi ko tauri. Daga nan gyambo ke fashewa.

Kada a ja shi ta hannun da ya shanye. Kafaɗar ta saki, ja ɗaya na iya bar masa ciwon watanni. A tallafe shi ta ƙirji da ƙugu, a ɗora hannun a kan matashi. Kada a gasa ɓangaren da ruwan zafi ko garwashi, ba ya jin zafi, sai dai a ga ƙuna. Kullum a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta a hankali, yadda kine ya nuna. Bayan yinin farko, in likita ya yarda, a fara zaunar da shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, don haka ba lokacin jira ba ne. Tausayin da ke sa a yi masa komi yana cutarsa, a bar shi ya yi ta fama da cokalin da kansa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi kada a yi mata tausa, a nuna wa likita.

Wanda ya rasa magana bai haukace ba, kuma sau da yawa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. A yi masa gajeriyar magana, mutum ɗaya a lokaci guda, tambayar da amsarta i ko a'a ce. Za ku ga abin mamaki: ya kasa faɗin sunan ɗansa, amma ya karanta Fatiha ko ya yi ƙirga tiryan-tiryan, don abin da aka haddace wata hanya yake bi. Wanda hagunsa ya shanye kuma yakan mance da hagun gaba ɗaya, ya cinye rabin kwano ya bar rabi. A riƙa zuwa masa ta wannan gefen. Kuka ko dariya ba dalili daga ciwon ne. Baƙin ciki mai nauyi yana kama kusan mutum ɗaya cikin uku, in ya ƙi ci, ya ƙi motsa jiki, a faɗa wa likita, akwai magani.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke Abijan, Legas, Kumasi, Libiya, Aljeriya ko Saudiyya, in aka bugo waya, tambayoyin da za ku yi ke nan: yaushe ya fara, an yi sikana, toshewa ce ko fashewa, an duba zuciya, yana iya haɗiya? A ɗauko hoton ordonans da sakamakon awo a turo muku ta WhatsApp.

Kuɗin da kuka tanada kada ku zube shi duka a makon farko. Maganin hana daskarewa da na tansiyo na kowane wata ne, sau da yawa har ƙarshen rai, ga kuɗin motar zuwa awon INR, ga na kine. Sau da yawa ciwon kan dawo ne sa'ad da aka ga mutum ya miƙe aka bar magani, ko kwali ya ƙare aka ce sai ranar kasuwa. A ɗora mutum ɗaya a gida da zai riƙe ɗan littafi, yana rubuta ranar awo, sakamakon, da yawan ƙwayar da likita ya ce a sha, kuma a sayi sabon kwali tun saura na mako guda.